Hotunan Gasar Garwa: Wa Aka Ɗauka, Wa Aka Bari?

A watan Janairu na shekarar 2022 birnin Garwa, wanda yake bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, ya karɓi baƙi irin waɗanda bai taɓa karɓa ba. Gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka ce ta kawo su. Gasar tana ɗauke da sunan shekarar 2021, amma ba a buga ta ba sai daga ran 9 ga Janairu zuwa ran 6 ga Fabrairu, 2022, bayan annobar korona ta sa an ɗage ta. Daga cikin wasanni 52 da aka yi, takwas a Garwa aka buga su, a filin wasa na Rumde Ajiya, huɗu kuwa daga cikin takwas ɗin na Nijeriya ne. Baƙi sun watse tuntuni, an naɗe tutoci, masu ganga sun koma gidajensu. Abin da ya rage shi ne hotuna. Yaron da aka haifa a Garwa a wannan shekara, in ya girma ya tambayi yadda garinsu ya kasance a kwanakin nan, hoto za a nuna masa. Saboda haka ya dace a zauna a duba hotunan nan a tsanake, gama shaida ce su, shaida kuwa akan bincike ta kafin a karɓa.

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. Haka ne, amma wanda ya kalli hoto da idon wani ya gani. Mai kyamara shi ya zaɓi inda zai tsaya, shi ya zaɓi wanda zai juya wa gilashinsa, shi ya san lokacin da zai danna. Bayansa kuma akwai edita a wani ofishi a Faris ko Landan, wanda yake tsince goma daga cikin ɗari. Yawancin hotunan Garwa da suka zaga duniya daga manyan kamfanonin dillancin labarai suka fito, wato AFP na Faransa, da Reuters, da AP na Amurka, sai kuma waɗanda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta sa aka ɗauka mata. Ma'aikatansu sukan sa wata 'yar riga ta shaida, su zauna a ƙasa bayan allunan talla kusa da raga, kowa da kyamara mai dogon baki wadda take jawo na nesa kusa. Kafin alƙalin wasa ya hura tashi hutun rabin lokaci, hoton ƙwallon da aka ci ya riga ya isa Turai.

Wajen hotunan 'yan wasa, sai yabo. Aikin yana da wuya ƙwarai, wanda kuma bai taɓa gwada ɗaukar hoton yaro yana gudu ba ba zai san wuyarsa ba. A wasan Nijeriya da Masar na ran 11 ga Janairu an take ƙwallo da ƙarfe biyar na yamma, a tsakiyar hunturu. Rana ta yi ƙasa, hazo ya tare ta, haske yana sauyawa kowane minti, kafin a dawo daga hutu kuwa fitilun fili ne suke aiki. A cikin irin wannan haske ne, a minti na 30, Joe Aribo ya sa kai ya sauke wa Kelechi Iheanacho ƙwallo, shi kuwa ya tare ta, ya juya, ya ɗirka ta da ƙafar hagu can saman raga. Daga tarewa zuwa bugu abin bai wuce ƙiftawar ido ba, duk da haka masu hoto sun kama shi. Haka kuma suka kama Moses Simon, ɗan Jos, yana wahal da masu tsaron bayan Masar da na Sudan a gefen hagu, jikinsa a karkace kamar zai faɗi, ga shi kuwa bai faɗi ba. Mai karatu wanda ya tuna da hoton Rashidi Yekini yana riƙe da raga yana kuka a Amurka a 1994, ko na Roger Milla yana rawa a gindin tutar kusurwa a Italiya a 1990, ya san abin da hoto guda yake iya yi wa ɗan wasa. Yekini ya rasu a 2012, amma har yau da hannuwansa cikin raga ake tunawa da shi.

Ko a nan ma akwai abin lura. Nijeriya ce ta ci wasan nan da ci 1 da babu, amma wanda ya bi jaridun Turai na washegari zai iske fuskar Mohamed Salah ta Masar ta cika su, ga shi ya riƙe ƙugu, ga shi ya sunkuyar da kai. Dalili a fili yake. Salah ɗan wasan Liverpool ne a lokacin, hotonsa yana da kasuwa ko ya ci ko an cinye shi. Mai kyamara ɗan kasuwa ne shi ma, abin da za a saya yake kawowa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abincinsa, sai dai mai kallo ya riƙa tunawa cewa yawan hoton mutum bai nuna yawan aikin da ya yi a fili ba. Daren da kasuwa ta rasa yadda za ta yi shi ne na 18 ga Janairu, sa'ad da Komoros, 'yan tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, a zuwansu na farko gasar, suka doke Gana mai kofi huɗu da ci 3 da 2 a Rumde Ajiya. A wannan dare dole masu hoto suka koyi rubuta sunan Ahmed Mogni, wanda ya ci biyu.

Inda hotunan Garwa suka gaza shi ne wajen 'yan kallo, a nan kuwa maganar take da nauyi.

Mai karatu ya ɗauki kowane hoton ɗan wasa ya karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa. Zai ga sunan mutumin cikakke, da ƙasarsa, da matsayinsa a fili, da sunan wanda yake takara da shi, da rana da wuri. Sa'an nan ya ɗauki hoton ɗan kallo. Abin da zai tarar galibi bai wuce a ce wani mai goyon bayan Nijeriya kafin a fara wasa ba. Fuskarsa ta cika hoton, ana ganin zufar goshinsa da giɓin haƙorinsa, amma ba shi da suna, ba shi da gari, ba a san ko daga Legas ya taso ko daga bayan katangar filin ba. An kusace shi har an shiga idonsa, ba a yi masa sallama ba. A ƙasar Hausa da ta Fulani ko farashin tumatir mutum zai tambaya sai ya gaisa tukuna. Kyamara mai dogon baki ta ɗauke wa mai ita wannan nauyi, gama daga taku hamsin yake ɗaukar abin da yake so ya wuce, wanda aka ɗauka bai ma sani ba.

Sa'an nan a dubi irin waɗanda ake zaɓa. Cikin taron dubbai, gilashin kyamara yakan nufi mutum ɗaya ko biyu: wanda ya shafe jikinsa da fenti kore da fari tun daga kai har cibiya, wanda ya ɗora tukunya ko gashin tsuntsu a ka, mai ƙaton tabarau na wasa, mai busa ƙaho har jijiyar wuyansa ta fito. Mutanen nan suna nan da gaske, ba wanda ya ƙirƙiro su, da yawansu ma domin kyamara suka yi shigar, sun kuwa sami abin da suka zo nema. Ƙungiyar magoya bayan Nijeriya da gangunanta da ƙahoninta ta daɗe tana bin 'yan wasa ƙasa ƙasa, ta cancanci hotonta. Amma irin wannan hoto ba ya faɗar kome game da Garwa. A cire rubutun ƙarƙashinsa, ba mai iya cewa ko a Masar aka ɗauke shi a 2019 ko a Abijan a 2024. Editocin ƙasashen waje sun saba da wata siffa ta ɗan kallon Afirka, mai fenti, mai rawa, mai buɗaɗɗen baki, ita suke jira, ita kuma ake aika musu kowace gasa. Abin ya zama kamar tallar da aka haddace.

Ga shi kuwa taron Garwa ba irin na ko'ina ba ne, labarinsa ma yana cikin manyan labaran gasar. Saboda korona an ƙayyade yawan masu shiga, kashi 80 cikin ɗari na kujeru a wasannin Kamaru, kashi 60 a sauran, aka kuma ce sai mai shaidar allurar rigakafi da ta gwaji. Mutanen Kamaru kaɗan ne suka yi allurar a lokacin, don haka a makon farko aka buga wasanni da dama a kudu gaban kujeru wayam, har gwamnati ta rage lokacin aiki da na makaranta domin jama'a su sami zuwa kallo. Garwa ba ta jira wannan ba. Mutanenta sun fito, suka kuma ɗauki Nijeriya tamkar tasu, har 'yan wasan da kansu suka yi ta faɗin cewa kamar a gida suke.

Wanda ya san ƙasar ba zai yi mamaki ba. Garwa da Yola ruwan kogi ɗaya suke sha. Kafin Jamusawa su kama Garwa a 1901, lamidonta a ƙarƙashin Yola yake, cikin daular da Modibbo Adama ya kafa. Turawa ne suka ja layi a tsakani, layin kuwa bai hana aure da fatauci da zumunci ba. A kasuwar Garwa ana jin Fulatanci da Hausa da Faransanci a rumfa ɗaya. Sa'ad da Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ko Sadiq Umar ɗan Kaduna, ko Zaidu Sanusi ɗan Jega suka fito fili, mutanen da ke kan benaye suna iya kiransu da harshen da za su juyo. Garin kuma ba baƙon ƙwallo ba ne. Filin Rumde Ajiya tun 1978 yake, kulob ɗin Coton Sport na garin ya sha cin kofin Kamaru, a cikinsa Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a wannan gasa da guda 8. Issa Hayatou, wanda ya shugabanci CAF daga 1988 zuwa 2017, ɗan gidan sarautar Garwa ne. Taron da ya cika filin, ashe, taro ne na masu jamfa da hula, da dattawa masu babbar riga, da mata masu mayafi da masu ɗankwali, da ɗaliban sakandare, da ma'aikatan kamfanin auduga, da 'yan acaɓa da suka ajiye babur suka shiga, da fatake da suka ƙetaro daga Mubi da Yola. Duk suna cikin hotunan, amma a baya suke, a dushe, sun zama bango ga mai fenti. Dattijon da ya zauna shiru da rediyo a kunne yana kallon Salah da idonsa karo na farko, watakila kuma na ƙarshe, shi ne hoton Garwa. Irinsa sai an tona ƙwarai kafin a samu.

Ƙasar nan kuwa tana da tata al'adar ɗaukar hoto, wadda za a iya auna baƙin da ita. A jihar Adamawa ta Kamaru, kudu da Garwa, akwai masu hoto biyu da suka yi aiki shekaru da yawa a ƙananan garuruwa: Joseph Chila a Mayo Darle, da Samuel Finlak a ƙauyen Atta. Su da Jacques Toussele na Mbouda, wanda Chila ya koyi sana'a a wurinsa, sun ɗauki dubban mutane da fim baƙi da fari. Ginshiƙin cinikinsu hoton katin shaida ne, har zuwa 1998 da gwamnati ta kawo sabon kati wanda hukuma take ɗaukar hotonsa da kanta, sana'ar ta durƙushe. An nuna aikin Chila da Finlak a Landan a 2005, aka kuma nuna na su ukun a Los Anjalis ta Amurka a 2021, watanni kaɗan kafin gasar. A hotunansu mutum shi ya kawo kansa. Ya yi wanka, ya zaɓi rigarsa, ya zo da abin da yake so a gan shi da shi, ko rediyo, ko keke, ko jaririnsa, ko abokinsa. Ya tsaya yadda ya ga dama, ya kalli kyamara ido da ido, ya biya, ya tafi da hotonsa gida. Mai hoto ya san sunansa, ya san gidansu, gama gobe za su haɗu a kasuwa. Mai karatu ya san irin hotunan nan, suna rataye a ɗakuna da yawa: na ranar aure, na gama makaranta, na taron zumuntar mata da aka jeru cikin zane iri ɗaya, a bayan kowanne an rubuta sunaye da biro. Ba su da kaifin hotunan Reuters, wani ma ya karkace, wani ya koɗe. Amma ba wanda aka mayar da shi ado a cikinsu.

Mai ɗaukar hoton jarida yana da amsa, ya kamata kuma a ji ta. Zai ce shi ba mai shago ba ne. An ba shi wuri a bayan raga, ba a yarda ya yi ta yawo a benaye ana cikin wasa ba, ofis yana jiran hoto cikin minti biyu, shi kuwa ba ya jin Hausa balle Fulatanci. Zai ƙara da cewa wanda ya shiga filin wasa ya san akwai kyamara, taro kuwa ba ɗaki ba ne. Duk wannan gaskiya ne a kan minti 90 na wasa. Sai dai akan buɗe ƙofofi sa'o'i kafin a take ƙwallo, yawancin hotunan 'yan kallo ma a wannan lokaci ake ɗaukarsu, sa'ad da ba abin da yake gudu. Tsakanin wasa da wasa kuma akwai kwana uku ko huɗu da baƙin suka yi a garin. Mutumin da ya iya haddace lambobin dukan 'yan wasan Gini Bisau domin kada ya yi kuskuren suna, bai rasa dabarar tambayar mutum ɗaya sunansa da garinsa ba. Abin da ya hana shi ne, ba wanda zai tuhume shi in bai tambaya ba. Kuskure a sunan ɗan wasa yakan jawo waya daga ofis, rashin sunan ɗan kallo kuwa ba ya jawo kome.

An kuwa sami wanda ya nuna cewa abin yana yiwuwa. A sansanin Minawawo, kusa da Mokolo a jihar Arewa Mai Nisa, akwai 'yan gudun hijirar Nijeriya kusan 70,000 a lokacin gasar, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Barno, da yawansu daga ƙasar Gwoza. An buɗe sansanin a 2013, wato akwai yaran da ba su san wani gida ba sai shi. 'Yan matan sansanin suna da ƙungiyar ƙwallo, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta kawo waɗansunsu Garwa su kalli wasan Nijeriya da Sudan ran 15 ga Janairu, wanda Nijeriya ta ci 3 da 1. Daniel Beloumou Olomo, wanda sunansa yake ƙarƙashin hotunan AFP da yawa daga Garwa, ya ɗauke su a sansanin, ya kuma ɗauke su a filin wasa. A nan 'yar kallo ta sami suna da shekaru da wurin da ta fito. Mai duba hoton ya san abin da tutar kore da fari take nufi a hannun yarinyar da ƙasar tutar ta kasa tsare ƙauyensu. Cikin dukan abin da aka ɗauka a benayen Rumde Ajiya, waɗannan ne suka fi zama a zuciya, ba kuwa domin kyamarar ta fi ta sauran ba. Mai ita ya yi tafiya, ya zauna, ya yi tambaya.

Duk da haka kada a ɗauka rubuta suna kullum alheri ne. Wanda ya tsere wa masu bindiga yana iya samun dalilin ɓoye fuskarsa da sunansa, hukumomin agaji kuma suna da tasu bukata ta hoton da zai taɓa zuciyar masu ba da kuɗi. Ma'aunin shi ne ko an tambayi mutum, ko an gaya masa inda hoton zai je, ko yana da ikon cewa a'a. Yarinyar da aka kawo ta a motar hukuma, aka ba ta tikiti da riga, da wuya ta iya cewa a'a ko da tana so. Wannan nauyi yana kan mai hoto da waɗanda suka gayyato shi.

Ko ɗan wasa mai suna ma hoto bai bar shi lafiya ba. Maduka Okoye, mai tsaron gidan Nijeriya, yana da shekara 22 a lokacin. A makonni biyu na farko hotunansa sun yi ta yawo a wayoyi, ana yaba kyansa fiye da aikinsa. Ran 23 ga Janairu, a wasan zagaye na biyu da Tunisiya, minti biyu da dawowa daga hutu, Youssef Msakni ya buga ƙwallo daga nesa, ta taɓa hannun Okoye ta shige. Aka ba Alex Iwobi jan kati jim kaɗan bayan shigowarsa, Nijeriya ta fita da ci 1 da babu, ita da ta ci wasanninta uku na rukuni. Kafin gari ya waye hotunan nan na yabo sun koma abin zagi. Aka yi ta yanka su ana liƙa musu maganganu, aka bi shi da Iwobi da ashar har da barazanar kisa a shafukansu na intanet. Hoton da aka tsayar a daidai lokacin da ƙwallo take wuce hannun mai tsaron gida yana sa mai kallo ya ga kamar abin da sauƙi, gama a takarda ƙwallo ba ta gudu, ba ta tsalle a ƙasa. Masu hoton jarida ba su yi ƙarya ba. Amma waɗanda suka yi wannan aika-aika da hotunan ba Turawa ba ne, ba kuma editocin Faris ba, 'yan gida ne masu waya a hannu.

Washegari abin ya wuce zagi. Ran 24 ga Janairu, a ƙofar filin wasa na Olembe a Yawunde, babban birnin ƙasar, jama'a suka turmutsa kafin wasan Kamaru da Komoros, mutum 8 suka mutu, har da yaro, 38 suka ji rauni. Kafin hukuma ta ce uffan, hotuna da bidiyon waɗanda suke kwance a ƙasa sun riga sun iso wayoyin Garwa da na Kano. Gaskiya ne hotunan nan sun hana a rufe maganar, sun tilasta aka yi bincike, aka ɗauke wasa ɗaya daga filin. Amma mutanen da ke cikinsu 'ya'yan waɗansu ne, fuskokinsu a buɗe, tufafinsu a yage. A al'adar ƙasar nan, Kirista da Musulmi duka, abu na farko da akan yi wa mamaci shi ne a rufe shi, sa'an nan a aiki dattijo ya kai labari gidansu da hankali. Waya ta tsallake duka biyun. Manyan kamfanonin labarai, da duk laifinsu, suna da ƙa'idar abin da ba sa bugawa. Mai waya ba shi da edita sai zuciyarsa.

Akwai kuma abin da ba a juya masa kyamara ba sam. Wata guda kafin gasar, a Disamba 2021, faɗa kan ruwa ya ɓarke tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma na Musgum a ƙasar Logon Birni, ya kai har Kusiri, dubban mutane suka ƙetare kogi zuwa Cadi. Ba a ce mai hoton ƙwallo ya bar raga ya tafi can ba. Sai dai wanda ya san arewacin Kamaru ta hotunan Janairu 2022 kaɗai zai zaci ƙasa ce ta ganga da fenti. Wasan ƙarshe da aka buga a Garwa ma yana da irin wannan inuwa. Ran 29 ga Janairu Burkina Faso ta fitar da Tunisiya da ci 1 da babu, ƙwallon Dango Ouattara, saurayi ɗan shekara 19, kwana biyar bayan sojoji sun hamɓare Shugaba Roch Kaboré a Wagadugu. 'Yan wasan da ke rungume da juna a hotunan daren nan mutane ne da suka yi mako suna kiran gida suna tambayar lafiyar iyali. Wanda bai san wannan ba zai ga murna kawai.

Saura tambayar inda hotunan suke yanzu. Na kamfanonin labarai suna cikin rumbunansu a Turai da Amurka, kowanne da tambarin mai shi a kansa, mai so ya biya. Mutumin Garwa da fuskarsa take ciki ba shi da hanyar nemo kansa, tun da ba a rubuta sunansa ba. Ainihin hotunan taron, waɗanda aboki ya ɗauki aboki a bakin ƙofa da tikiti a hannu, waɗanda uba ya ɗauki 'ya'yansa da fili a bayansu, suna cikin wayoyin jama'a. A cikinsu ne al'adar su Chila da Finlak ta sake fitowa, gama a nan ma mutum shi ya tsaya yadda yake so, mai ɗauka kuwa ya san shi. Amma waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, akan sayar da ita a goge abin da ke ciki. Dodon hoton Jacques Toussele ya yi shekaru a ajiye, zafi da laima suna cinsa, har aka zo da taimakon Laburaren Birtaniya aka kwafe dubbai daga ciki, shi ya sa ake ganinsu yau. Hotunan wayoyin Garwa ba su da dodo. Wanda yake da su a gidansa, a Garwa ko Yola ko Mubi, zai kyauta in ya kai biyu ko uku shago a wanke masa a takarda, ya juya bayansu ya rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da wasan da aka je kallo, da ranar.